Na Fasa Gangarmu da Hannuna a Gonar Bakin Iyaka

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan mujalla. Ni tsoho ne daga wani ƙauye a ƙasar Bagudo. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. Boko ban yi ba, idanun ma sun fara yi mini rowa, don haka ɗan ƙanwata, wanda malamin makaranta ne, shi ke rubuta abin da nake faɗa. Na ja masa kunne cewa in zai gyara Hausata ya gyara, amma kada ya taɓa mini labari. A shekarun da aka ba ƙasar nan 'yancin kai ni saurayi ne mai ƙarfin dantse da son a san da ni, makaɗin gangar noma. Mu uku ne ciki ɗaya, kuma kiɗa gadonmu ne. Yayana shi ke waƙa, ni ke rataye da babbar ganga, ƙanwarmu kuma ita ke amshi da guɗa tana kaɗa caki. In ka ji tsofaffin Sharabi ko Kende ko Matsinkai suna hirar 'yan gida ɗayan nan da ke kiɗan gayya a da, to mu ne. Sai dai na san ba a kai ƙarshen wannan hira ba a yi mini dariya ba.

Ga wanda bai tashi a ƙauye ba, bari in ɗan yi bayani. In mai gona ya kira gayya, manoma kan jeru da galmunansu a bakin gona, makaɗa su bi bayansu. Kowane jarumin manomi yana da takensa, wato kiɗan da aka yi domin shi kaɗai, kuma da ya ji shi jikinsa zai ɗauki tsuma ya manta da gajiya. Al'adarmu ita ce, jarumi ba ya miƙewa daga duƙe matuƙar ana kaɗa takensa. In ya miƙe ganga na magana, to ya zubar da girmansa, har mata a bakin rijiya sai sun sa shi a waƙa. Shi ya sa mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya fi ba mu horo a kan yadda ake tsayar da kiɗa fiye da yadda ake fara shi. Yana da wani baiti na godiya ga mai gona da matan da suka dama fura. In ya ga manomi ya fara laushi sai ya jawo wannan baiti, duk makaɗan da ke wurin su gane, har na abokan karawa, a sassauta tare, a tsaya tare, kowa ya miƙe ya sha fura ba wanda aka ce ya gaza. Wannan muke kira saukar da manomi. Mawaƙi kaɗai ke da ikon jawo baitin. Mai ganga ba shi da shi, kuma mai gangar da ya yi shiru don ra'ayin kansa a tsakiyar take, ya kunyata manominsa, shi ma ya gama kiɗa a wannan yanki. Da Baba ya rasu, baitin ya koma bakin yayana.

Jarumin da ya ɗaga sunanmu wani dogon mutum ne mai faɗin ƙirji, wanda ba ya son yawan magana. In ya duƙa da galma, kunyar da yake huɗawa kan fito a miƙe kamar an ja zare, kuma ban taɓa ganin wanda ya riga shi kaiwa ƙarshen gona ba. Mu muka yi masa take. Yayana ya tsara waƙar, amma gaɓar da ta fi shiga kunnen mutane ni na kawo ta, wata rana muna zaune gindin tsamiya ina ɗaure ganga. Na ce mu kira shi wanda ba ya miƙewa sai dai ganga ta gaji, ko da rai zai fita. Yaya ya buga cinya ya ce ai ga waƙa nan. Kaina ya kumbura, har na riƙa tunatar da mutane cewa wannan gaɓar tawa ce, ko ba su tambaye ni ba. Waƙar ta bazu yadda ba mu zata ba. Mata na daka da ita, masu kwalekwale a kogin Kwara na tuƙi da ita, Dandawan ƙetaren iyaka ma suna rera ta da irin tasu Hausar. Jarumin ya ga ƙanwarmu a wurin amshi ya ce yana so, ita ma ba ta ɓoye nata son ba, aka yi aure. Ya bar ta ta ci gaba da bin mu, don a cewarsa guɗarta ta fi fura ƙara masa ƙarfi. Daga nan ba a kiran sa gayya sai da mu, ba a kiranmu sai da shi.

Mu da maƙwabtanmu na ƙetare a shekara ɗaya Turawa suka sake mu. Kafin nan ba mu ɗauki iyaka a bakin komai ba. Muna ce wa can Faransa, suna ce wa nan Ingilishi, amma kasuwa ɗaya muke ci, muna auren juna, wasu gonakin ma rabi nan rabi can. Da 'yanci ya zo sai kowa ya fara jin ƙasarsa a ƙirji. Samari su yini suna gardamar ko Nijeriya ta fi Dahome ko Dahome ta fi Nijeriya, alhali yawancinsu ko Birnin Kebbi ba su taɓa takawa ba. A daminar da ta biyo baya, wani babban manomi mai gona a bakin iyaka ya kira gayyar huɗa. Ya gayyato surukinmu, ya kuma gayyato wani jarumin Dandawa daga can tare da makaɗansa. Kafin a ankara, abin ya tashi daga gayya ya koma karawar ƙasa da ƙasa. Sai kuma labari ya zo cewa wani ma'aikacin rediyo daga Kaduna yana zagaya lardi da akwatin ɗaukar murya yana neman waƙoƙin karkara, kuma zai halarta. Aka ce waɗanda suka burge shi za a sa su a rediyo, wataƙila har a yi musu faifai. Yayana ya kusa zaucewa don murna. Ya riƙa shan zuma da citta saboda murya, ya ɗinka mana riguna iri ɗaya, yana ta cewa wahalar Baba ce za ta biya a hannunmu. Ni ma na yi murna, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ana saura 'yan kwanaki, da hantsi, na gangara rafi in jiƙa fatar akuya, sai na iske ƙanwata ita kaɗai tana wanki nesa da sauran mata. Da ta hango ni ta yi sauri ta cusa wani tsumma ƙarƙashin ƙwarya, amma na riga na ga jini a jikinsa. Na zaci ita ce ba lafiya. Na matsa mata, ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta fashe da kuka ta gaya mini. Tun wani zazzaɓi da maigidanta ya yi da rani tari ya kama shi, kuma yanzu tarin da jini yake zuwa. Bayan rumbu yake zagayawa ya yi don kada a ji. A gonarsu ma ba ya iya kai kunya ƙarshe sai ya zauna a inda ba mai ganinsa ya yi ta haki. Ta roƙe shi ya janye daga karawar, ya ce mata jarumin da aka ce ba shi da lafiya ana dab da karawa, matsoraci za a kira shi har jikokinsa, kuma in maganar nan ta fita daga bakinta, ba shi ba ita. Ta riƙe hannuna ta ce in rantse da Allah ba zan gaya wa kowa ba, musamman ma babban Yaya, don ta san shi, kai tsaye zai tafi ya tunkari mijinta. Na rantse mata nan take don in tsayar da kukanta. Ban tsaya na yi tunanin irin kayan da na ɗora wa kaina ba.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Na je wajen surukina da dabara, na ce masa ruwan bana ya yi yawa, ƙasa ta yi nauyi, ko za a nemi mai gona ya ɗaga gayyar. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya tambaye ni ko dantsena ne ya fara gajiya. Sannan ya tuna mini cewa ni da bakina na ce ba ya miƙewa ko da rai zai fita, to shi bai ga dalilin da zai sa ya mayar da ni maƙaryaci ba. Ya faɗa yana murmushi, amma na ga yadda yake danne tari a maƙogwaro. Na koma wajen Yaya na ce masa ranar nan mu jawo baitin godiya da wuri, saboda zafi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a gaban Dandawa da mutumin rediyo ne nake so mu fara neman sauka, in tsoron akwatin nake ji in faɗa a samo mini laya. Maganar ta zo mini har bakin haƙora ba sau ɗaya ba, sai in tuna rantsuwa da fuskar ƙanwata, in haɗiye. Na riƙa gaya wa kaina cewa Yaya ɗan Baba ne, in ya ga manomi ya yi laushi zai gane da kansa.

Ranar gayya gari ya waye da hadarin da ya ƙi zuba, irin zafin nan mai danshi da ke manne riga a baya tun da safe. Ban taɓa ganin taro irin wannan a gona ba. Mutanen nan da na can sun yi dafifi, wasu har da tutoci, mata sun jera ƙoren fura a gindin ɗorawa. Mutumin rediyo ya zo cikin farin kaftani, akwatinsa a rataye a kafaɗa, da wani ɗan ƙarfe mai igiya da yake miƙa wa bakin mai waƙa. Aka tsayar da jaruman biyu kafaɗa da kafaɗa, kowa da makaɗansa a baya. Mai gangar Dandawa wani dattijo ne da ya yi zamani da mahaifinmu, har ya zo mana gaisuwa lokacin rasuwarsa. Muka gaisa, aka yi bisimilla, aka fara. Da farko har na ɗan sami natsuwa. Surukina ya ji takensa ya ɗauki tsuma, galma na shiga ƙasa daidai da faɗuwar gulata a kan fata, ya ba abokin karawarsa tazara. Muryar Yaya ranar nan, wallahi ban taɓa jin ta da daɗi haka ba.

Mai gangar noma bayan manomi yake kallo, ba fuskarsa ba, kuma ni na daɗe ina bin bayan wannan mutum. Da rana ta fara ɗagawa na ga galmarsa ta soma makara, ganga ta faɗi sannan ita ta faɗi. Tazarar kaɗan ce, ba mai lura sai wanda aikinsa ke nan. Na ga allon kafaɗarsa na hawa da sauka fiye da kima, na ga kunyar da ta saba fitowa a miƙe ta fara karkacewa. Can sai ya tofar a cikin kwarin kunya ya sa ƙafa ya ture ƙasa a kai ba tare da ya ɗago ba. Da na iso wurin na duba, bai rufu duka ba, ƙasar ta yi ja. Na ɗan ja kiɗan baya a hankali don ya sami numfashi, Yaya ya juyo ya watsa mini harara ya tafa hannu ya mayar da shi yadda yake. Ƙanwata ta ɗaga murya za ta yi guɗa, guɗar ta tsinke mata a tsakiya. Daga nan caki kawai take kaɗawa, idonta a kaina.

Na waiwaya wajen dattijon Dandawa, na tarar shi ma ni yake kallo. Tsohon makaɗi ne, ya ga abin da na gani. Ya ɗan gyaɗa mini kai, alamar in an jawo baiti shi a shirye yake ya sauka tare da mu. Saura Yaya ke nan. Na bugi katakon ganga maimakon fata, wanda ita ce alamar da Baba ya koya mana in mai ganga yana roƙon a sauka. Yaya ya ji, na san ya ji, don na ga kunnensa ya motsa. Amma a daidai lokacin mutumin rediyo ya matso ya kai ƙarfen nan bakinsa, jarumin Dandawa kuma ya fara cin tazarar. Yaya ya juya mini baya, ya ɗaga hannu sama, ya jawo gaɓar nan tawa ta ko da rai zai fita. Taron gaba ɗaya ya amsa. Ya maimaita, suka maimaita. Na sake bugun katako, na sake, bai waiwayo ba. Har yau ban ga laifinsa ba. Shi gajiya ya zaci yana gani, irin wadda waƙa ke korewa, kuma ni ne na bar shi cikin duhu.

Na yi tunanin in kwarma ihu in ce mutumin nan ba shi da lafiya. To in na yi haka na karya rantsuwa, na kashe auren ƙanwata, kuma na san shi, ba zai miƙe ba, sai ma ya ƙara duƙufa don ya ƙaryata ni. Na yi tunanin in sauke gula kawai in yi shiru, amma kowa zai ce na ga ya gaza ne na tausaya masa, wannan kuwa a wajensa ya fi mutuwa ciwo. Ina cikin wannan na ga gwiwarsa ta hagu ta lanƙwashe ta taɓa ƙasa, ya yi maza ya ɗago ta. Na san a jikina cewa ba zai kai ƙarshen kunyar nan da rai ba. Waƙar ta ce ba ya miƙewa sai dai ganga ta gaji, to sai na ga babu wata ƙofa sai wannan. Kowane mai ganga yana yawo da basilla a aljihu saboda ɗinkin fata. Na zaro tawa da hannun hagu, hannun da ke dafe gefen fata, na soka ta kusa da baki inda jikina ya kare, na yar da ita a ƙasa na taka. Sannan na ɗaga gula na dake ta da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Fatar ta tsage tun daga baki har tsakiya. Gangar mahaifinmu ce, shi ya sassaƙa icenta da hannunsa.

Ɓangarenmu ya yi tsit. Dattijon Dandawa, Allah ya saka masa, bai ja abin da nisa ba, ya raka jaruminsa ƙarshen kunyar ya tsaya. Surukina ya miƙe a hankali yana dogare da ƙotar galma, leɓensa ya yi fari fat, jikinsa na kakkarwa. Ya juyo ya dube ni ya fara zagina da muryar da da ƙyar take fita. Jama'a suka ce dubi yadda fushi ya sa jarumi rawar jiki har ya kasa magana. Na sunkuyar da kai ina jin zagin, a zuciyata ina ta hamdala, don mai zagi yana da rai. Mutanen can suka ɓarke da sowa suna cewa gangar Nijeriya ta mutu ta Dahome na magana. Namu suka yo kaina. Wasu suka ce sakaci ne, na zo babbar karawa da ruɓaɓɓiyar fata. Wasu suka ce sammu aka yi mana. Wasu kuma suka ce sayena aka yi, na sayar da ƙasata a gaban baƙi. Mutumin rediyo ya yi mana jaje cikin mutunci, sannan ya koma gindin ɗorawa ya sa Dandawa suka yi masa waƙoƙinsu. Ƙanwata ta kai wa mijinta ruwa ta zaunar da shi a inuwa, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

A hanyar komawa gida da la'asar Yaya ya bari sai da muka rabu da mutane. Ya karɓi gangar ya juya ta a hannu, ya bi tsagar da yatsa har ya kai bakinta, ya tsaya a nan. Ya ce ya ga fatu da yawa sun fashe a rayuwarsa, amma bai taɓa ganin wadda ta fara tsagewa daga ƙaramin rami zagayayye ba. Ya tambaye ni dalili. Ƙanwata tana tafe a bayanmu kaɗan, na ji takunta ya tsaya. Na ce masa ba ni da abin faɗa. Ya sake tambaya, har ya haɗa ni da darajar Baba, na ce ba ni da abin faɗa. Ya miƙo mini gangar ya ce ba zai tona ni ba, don ciki ɗaya muka fito, amma shi da ya ƙara buɗe baki a gaban gangata sai dai a lahira. Ina jin ya ɗauka hassada ce, na ga akwatin a bakinsa ba a bakina ba. Bai kuwa tona ni ba har ya koma ga Allah.

Surukina ya kwanta ciwo sauran daminar nan. Mutane suka ce baƙin cikin abin da na yi masa ne ya kwantar da shi, shi ma ya bar su a haka. Da abin ya tsananta aka kai shi asibiti a birni, ya daɗe yana shan magani, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ƙanwata ta gaya mini a ɓoye cewa likita ya yi mamakin yadda mai irin wannan huhu ya iya riƙe galma. Ya rayu har ya tsufa, ya yi 'ya'ya da jikoki, amma bai ƙara shiga karawa ba. In an tambaye shi sai ya ce babu makaɗin kirki a ƙasar. A kowace majalisa yana ba da labarin yadda ya kusa kayar da jarumin Dandawa, ba don wani sakaran mai ganga ba. Sau da yawa ina zaune a wurin ake yi, a yi dariya, ni ma in yi yaƙe. Ko ya gane gaskiya a ransa ko bai gane ba, Allah kaɗai ya sani. Ni dai ba wanda ya ƙara kirana kiɗa, na koma noman 'yar gonata da ɗinkin takalma.

Yaya kuwa kaka na yi ya ƙetara iyaka, ya shiga cikin makaɗan dattijon nan, ya koyi waƙa da Dandanci, ya yi aure a can. Bayan wasu shekaru ina kasuwar Kende na ji muryarsa tana fitowa daga rediyon wani mai tireda, daga tashar can ƙetare. Na tsaya da takalman mutane a hannu ina saurare, wata ganga ce daban ke bin bayansa, kuma mai ita yana ɗan gaggawa a inda ni nakan jira shi ya ja numfashi. Na taɓa zuwa wurinsa, lokacin har an fara tsayar da mutane a iyaka ana tambayar takarda. Ya karɓe ni, ya yanka mini kaza, ya tambayi kowa na gida. Da zan tafi ya rako ni bakin gari ya tsaya yana kallona, na san jira yake in faɗa. Surukina na da rai a lokacin, rantsuwa na kaina, na yi masa sallama kawai na juyo. Ban ƙara ganinsa ba. Ya riga surukin namu rasuwa, ya tafi yana zaton ƙaninsa ya yi masa baƙin ciki a ranar da ya fi kowace rana buri. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai har gobe.

Ban yi nadamar fasa ganga ba, ko yau aka mayar da ni gonar nan zan sake. Nadamata ita ce rantsuwar da na yi a bakin rafi ba tare da tunani ba. Da na ce wa ƙanwata ta yi haƙuri Yaya kaɗai zan gaya wa, da baiti ɗaya ya wadatar, kowa ya miƙe ya sha fura. Don haka ina jan kunnen duk mai karanta wannan, kada kukan wani ya sa ka rantse za ka ɓoye ciwo ga mutumin da maganin ke hannunsa. Ku kuma mawaƙa da maroƙa na yanzu, ku kula da abin da kuke ɗora wa mutum a waƙa. Ku kuna faɗa ne don ya yi daɗin ji, shi kuwa da jikinsa zai biya. Maza masu ɓoye cuta don kada a ce sun gaza, ku tuna ba ku kaɗai take ci ba, mu namu gidan uku ta raba.

Bayan rasuwar mijinta, ƙanwata ta ce ta sauke mini rantsuwa, kuma ita ta ce in sa ɗanta ya rubuta. An haife shi ne bayan mahaifinsa ya dawo daga asibiti, kuma ya tashi yana jin ana kirana kawu mai fasasshiyar ganga, shi ma na san ya faɗa a bayan idona. Yanzu har ya fara furfura. Da muka kai wurin basilla ɗazu ya ajiye biro ya fita, ya daɗe a waje kafin ya dawo mu ƙarasa. Da muka gama ya tambaye ni ko gangar tana nan. Na ce tana nan rataye a ɗakina yadda na dawo da ita daga gonar. Ya ce in Allah ya yi mini cikawa shi za a ba, kuma kada kowa ya sa mata sabuwar fata.